Akuyar da Ta Ƙi Amshi

Iya, kakata ta wajen uwa, ta sauka a Kuala Lumpur da kaskon wuta naɗe cikin zannuwanta. Umma ce ta haihu, ita kuwa ta rantse ba za a yi wa 'yarta jego kamar marainiya ba. A lokacin muna zaune a Danau Kota, hawa na goma sha huɗu, Abba yana koyarwa a wata jami'a yana kuma fama da digirinsa na uku. An faɗa wa Iya ba a hura wuta a gidan sama a ƙasar nan, an sake faɗa mata. Ta ce to, ta ji. Ba a rufa mako ba ta gano wani mai gasa tsire irin nasu a bakin kasuwa, ta yi ciniki da shi da hannu da ido, ta dawo da gawayi a leda. Mai gadi ya hau ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya nuna hayaƙi, ya ce tak boleh, wato ba a yarda ba. Iya ta cika masa kwano da dambun nama. Bai sake hawowa ba sai ran da ya dawo da kwanon.

Da an idar da magariba, ruwan yamma ya ɗauke, sai ta fito baranda ta shimfiɗa tabarma tsakanin injin wanki da igiyar shanya. Ta fifita garwashi da murfin tukunya, ta ɗora kunun kanwar Umma, ta barbaɗa turaren wuta saboda sauro. Can ƙasa motoci sun yi jerin gwano, shagunan abincin Indiyawa Musulmi da ake kira mamak sun kunna fitilu, ƙamshin soya yana hawowa yana haɗuwa da na Iya. Mu uku ne 'yan tabarma: ni, ina da shekara goma sha ɗaya, sai ƙanwata Zahra'u, sai Walid ɗan maƙwabtanmu mutanen Zariya. Hausarmu duk ta zube. A tambaye mu da Hausa, mu amsa da Turanci, mu liƙa masa lah a wutsiya kamar yadda 'yan ƙasar suke yi. Iya ta kafa doka: a kan tabarmarta ba Turanci, wanda ya yi ya sha ranƙwashi. Yatsun tsohuwar nan kuwa kamar an ƙera su a maƙera.

Sunan mijinta marigayi aka sa min, Haruna, don haka bakinta bai taɓa furta sunana ba. Maigida take ce min. In na ɓata mata rai kuma na zama "wannan mijin nawa mai kunnen ƙashi, wanda ko gaisuwa sai an roƙa."

"Ga ta nan," in ji ta, "ta hau jirgi ta biyo ku har nan."

"Ta sauka mu ji ta!"

Duk tatsuniyar Iya akwai waƙa a ciki. Ta ja baiti, mu amsa. In muka amsa a sanyaye sai ta tsaya cak, ta ɗauki carbi, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta yi waƙa ita kaɗai. Haka muka saba, har ya zamana da ta ɗaga murya bakinmu ya buɗe kafin mu san me muke cewa.

A makaranta kuwa wani labarin ne. Ni kaɗai ne baƙar fata a ajinmu. Na daɗe ina cin abinci ni kaɗai a ƙarshen benci. Wasu su taɓa gashina su gudu, wani ya taɓa goga yatsa a hannuna ya duba ko zai yi baƙi. Sai a wannan shekara malamar Turancinmu, wata Ba'indiya da muke kira Cikgu Rani, ta zaɓe ni cikin masu zuwa gasar karatun waƙa tsakanin makarantu. Ba rerawa ake yi ba, ba kiɗa. Yara ne za su jeru a kan matakala su karanta waƙa da murya ɗaya, wani wurin a raba, wani wurin a haɗu, yaro ɗaya yana gaba yana juya su da hannu. Mai juya mu sunansa Faiz, kowa yana sonsa. Tun ranar da aka sa ni, Faiz ya fara ajiye min wuri kusa da shi a wajen cin abinci, yana gutsura min roti, gurasarsu. Wallahi na ji daɗi kamar in yi fiffike. Ba kofi nake so ba, wurin zaman nan nake so.

Waƙar ta fito ne daga wani tsohon littafi. Wani Bature ne ya rubuta ta zamanin mulkinsu, an ce mai kula da gonar roba ne a nan ƙasar. Turanci ne irin na da, mai nauyi, rabin kalmomin ban san su ba, amma tana da taku mai daɗi, kamar ana saukowa daga bene a guje. Duk ƙungiya ce ke faɗin maganar Baturen. A ƙarshen kowane baiti kuma mutanen da ya ambata su amsa masa: 'yan Malay su amsa nasu, Indiyawa nasu, 'yan Sin nasu. Baitin ƙarshe na mutumin Afirka ne. Tunda ni kaɗai ne, ni kaɗai zan amsa. Cikgu Rani ta ce Allah ne ya kawo mata ni, don a shekarun baya sai dai a shafa wa wani yaro baƙi a fuska.

Ina ta maimaita ta a gida, a banɗaki, a lif, har na ishi kowa. Wata rana da yamma na tsaya a bakin baranda, ƙafata ba ta taɓa tabarma ba don kada doka ta hau kaina, na kwararo wa Iya ita tun daga farko. Ta saurara tana kaɗa kai.

"Kai, Maigida, abin da daɗi kamar luguden 'yan mata. To me ake cewa?"

"Waƙa ce kawai, Iya."

"Na ji waƙa ce. Ai ko jaki in ya yi kuka da abin da yake nufi. Hau tabarma ka faɗa min da bakin ubanka."

Na hau. Na fara lalube. Baturen wai mai lambu ne, duniya kuma lambun da ciyawa ta cinye. Ya baro ƙasarsu mai sanyi don tausayi, ya zo ya tarar da mutumin Malay yana barci a gindin kwakwa, ba ya aiki sai an tsikare shi. Ya tarar da Ba'indiye, ya ce wannan dama don sunkuyo aka yi shi. Ina faɗa ina jin bakina yana ɗaci. Abin mamaki, na yi makonni ina faɗin kalmomin nan ban ji komai ba, sai da suka fito da Hausa suka zama zagi. Da na zo baitina sai wata kalma ta gagare ni, na leƙa falo na tambayi Abba. Ya ɗago daga kwamfuta, ya karɓi takardar, ya karanta har ƙasa. Sannan ya fassara min a hankali. Baƙin mutum wai kurangar daji ne, ba shi da harshe sai ganga, ba shi da jiya, ba shi da gobe. Amshin da zan ba shi kuma, ni Haruna, a gaban jama'a, shi ne in roƙi mai lambu ya sassare ni don in miƙe.

Garwashi ya yi tartsatsi.

Abba ya gyara murya. Ba Iya yake kallo ba, don tsakaninsu akwai kunya ta surukai, ko ido ba sa haɗawa. Ni yake wa magana, amma kowa ya san don wa ake yi. Ya ce tsohuwar waƙa ce, ta zamaninta ce, yanzu adabi kawai ake ɗaukar ta. Ya ce mu baƙi ne a ƙasar mutane, takardar zamanmu a hannunsu take, yaron nan kuma sai yanzu ya samu abokai. A bar kaza cikin gashinta. Ba na ganin laifinsa. Mutum ne mai iyali a wuya, kuma ya ga yadda nake dawowa gida a da.

Iya ba za ta iya mayar wa surukinta magana ba, ko sama da ƙasa za su haɗe. Amma ba wanda ya hana ta yi wa jikokinta tatsuniya. Ta aika Zahra'u ta kira Walid, ta tura ƙofar baranda ta buɗe ta wangam, ta zauna daidai inda murya za ta shiga falo.

Wai a wani gari na awaki, an kewaye shi da shingen ƙaya. Kura ta yi ta zagaye. Ta gwada tsalle, ƙaya ta yage mata ciki. Ta gwada ƙofa, ƙaho ya tarbe ta. Sai ta tafi wajen dila, wanda a lokacin roƙo yake yi, ta kai kuka. Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙaho ba a karya shi da haƙori. Bar ni da su." Ya rataya kalangu, ya zauna a bayan shinge da yamma, ya fara. A nan Iya ta ɗaga murya:

Kura uwar marayu,
ta bar gida ta bar 'ya'ya,
ta tako ƙaya da daddare
don tausayin masu ƙaho.

Ta koya mana amshin sau ɗaya: Rage mana ƙaho, Inna Kura, wuyanmu ya gaji. Tabɗi! Waƙar nan ta fi duk waɗanda ta taɓa yi mana daɗi. Muka dinga amsawa muna tafi. Zahra'u ta miƙe tana rawa tana karkaɗa kai, Walid yana buga bokitin wanki. Ni da nake cikin damuwa ma ban san lokacin da na shiga ba. Iya ta bar mu muka more, sannan ta tsaya.

"Madalla," in ji ta. "Haka su ma suka yi."

Ƙananan awaki ne suka fara ɗauka, suna yi a dandali. Iyaye mata suka ji, suka kama yi a wajen daka. Bunsuraye suka ce shirmen yara ne, amma ba a daɗe ba wani ya ce kai, ni fa kwanan nan wuyana yana min ciwo. Wani ya ce shi ma. Sai aka sa rana. Da hannunsu suka janye ƙaya, suka shimfiɗa wa kura tabarma, ta zauna da zarto a cinya tana share hawaye, wai aikin ya yi mata yawa amma ya za ta yi. Dila ya tsara abin yadda ya kamata: zai ja baiti, akuya ta matso ta amsa da bakinta, sannan ta durƙusa. Layi yana ta tafiya, ƙahoni suna ta taruwa, ana guɗa.

Sai aka zo kan wata jar akuya. Iya ta ce ba babba ba ce, ba kyakkyawa ba ce, ba ta fi kowa wayo ba. Dila ya ja baiti. Ta tsaya tana tuƙa. Ya sake ja, ya matso da kalangu har kunnenta. Tana tuƙa. Shi kuwa makaɗi in amshi bai zo inda ya saba zuwa ba, hannunsa rikicewa yake yi. Kalangu ya yi tuntuɓe, ya mutu. Dila ya fusata, ya faɗi baitin da baki, ba kiɗa, ya kuma faɗa mata abin da za ta ce. Sai kowa ya ji maganar tsirara. Can baya wata tsohuwa ta ce, "Jama'a, wai me muke ta cewa ne?"

"Sai kura ta gudu!" in ji Zahra'u.

"Ina! Kura ce fa. Ta cinye ta."

Zahra'u ta ɓare baki za ta yi kuka. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "To mene ne amfanin, Iya? Ai gara ta amsa."

"Ta cinye ta ba kiɗa, Maigida. Kowa ya ji ƙarar ƙashi. Waɗanda aka riga aka yanke wa ƙaho, sai dai Allah ya jiƙan rai. Sauran suka tattaru suka fitar da ita, suka ja ƙayarsu suka rufe." Ta kakkaɓe zani. "Ƙurunƙus, kan kura. Na akuya ba na bayarwa."

A falo ƙarar madannan kwamfuta ta daɗe da tsayawa.

Washegari da yamma Walid bai zo ba, Zahra'u ta yi barci da wuri. Na ce, "Iya, ke kika ƙirƙiro ta jiya, ko? Don Abba."

"Ji min ɗan nema! Ni sa'ar wasan ubanka ce? Innata ta ba ni ita."

Sai ta ba ni labarin da ba tatsuniya ba. Tana ƙarama, ba ta wuce riƙe bakin zanin uwarta ba, aka zo ƙauyensu ɗiban gwamna. Turawa suna yaƙinsu, suna son maza su je haƙar kuza a Jos, so ko ƙi. Mahaifinta yana cikin waɗanda aka ɗiba. Ba da bulala aka fitar da su daga gari ba, in ji ta, da kiɗa aka fitar da su. An kawo makaɗa da wata sabuwar waƙa da aka shirya, mai cewa Nasara ya zo ya tashi ragwaye, ya mayar da su mutane. Matan gari suka fito rakiya. Mace kuwa ta ji an ja baiti ta yi shiru, ai rashin tarbiyya ne. Suka amsa, suka yi guɗa, hawaye yana zuba suna amsawa. Innar Iya kaɗai ta tsaya a bakin hanya da baki a rufe. Maroƙi ya zo gabanta ya ja, ya sake ja, ta dube shi kawai. Aka ce ta kunyata gari a gaban baƙi. A shekarar ba wanda ya zo mata gayya a gona. Mijin kuma bai dawo ba, sanyin dutse ya kama ƙirjinsa.

Ashe Abba yana tsaye a bakin ƙofar kicin. Ya ce wa Umma, "Ki faɗa wa Iya, kuzar ƙasar nan ce aka ƙwace wa Turawa a yaƙin, shi ya sa suka koma kan ta Jos da ƙarfi."

Umma ba ta ma maimaita ba. Iya ta miƙe, ta dafa ƙarfen baranda, ta daɗe tana kallon fitilun gari. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe a nan aka ƙulla."

Ba ta taɓa ce min yi kaza ko kada ka yi kaza ba, kada wani ya ɗora mata. Ni na je wajen Cikgu Rani na ce ko za a cire baitin ƙarshe. Ta ce lokaci ya ƙure, waƙa ce kawai lah, in ba zan iya ba in faɗa tun da wuri ta nemo baƙin mai da za a shafa wa wani a fuska. Wannan maganar ce ta yanke min shawara. In na fita, za a faɗi amshin, da fuskar aro ma. Na ce mata zan tsaya. Ban ce zan amsa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da safen gasar Abba da kansa ya goge min riga. Ya miƙo min ita ya ce, "Ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Amma ka sani, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Zauren ya cika da iyaye da malamai, sanyin na'ura kamar a cikin firji. Muka jeru da fararen safar hannu. Faiz ya ɗaga hannu, muka ɗauka. Gaskiya mun iya, ba a taɓa jin mun yi kyau kamar ranar ba. 'Yan Malay suka amsa nasu, Indiyawa suka amsa, 'yan Sin suka amsa. Aka zo baitina. Duk ƙungiya ta faɗa da murya ɗaya cewa ba ni da harshe, ba ni da jiya, ba ni da gobe. Faiz ya juyo ya nuna ni yana murmushi.

Na rufe bakina. Fitsari ya cika min mara, amma na rufe.

Faiz ya ɗauka mantawa na yi. Ya yi abin da aka koya masa: ya juya hannu, ƙungiya ta maimaita layin don ta tuna min. Wannan karon takun ya karye, muryoyi suka rarrabu, kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya a fili. Ya sake nuna ni. Na dube shi. Zaure ya yi tsit, har ana jin ƙugin na'urar sanyi. Na ga wata mata a layin gaba ta sa hannu ta rufe baki. Wani a baya ya yi dariya ya haɗiye ta. Ba wanda ya miƙe, ba wanda ya tafa min, ba wata tsohuwa da ta ce jama'a me muke cewa. Faiz ya tsallake ni, aka ƙarasa a gurguje, muka sauka. Ko na uku ba mu zo ba.

Ruwa kuwa ya dake ni. Faiz bai sake yi min magana ba har muka rabu. Na koma ƙarshen benci, wannan karon da dalili, kuma da sunayen da ba zan maimaita ba. Abin ya yi min ciwo sosai, na yi kuka a banɗakin makaranta ba sau ɗaya ba. Cikgu Rani ta kira ni ofis washegari. Na shirya mata bayani, na ɗauka ba ta gane waƙar ba ne kamar yadda ni ban gane ba. Na fara faɗa mata abin da baitin Indiyawa yake nufi. Ta buga tebur.

"Kana tsammanin ban sani ba? Kakana roba ya yi ta tsagawa har ya mutu. Ina kamar shekarunka na tsaya na faɗi baitinmu, muka ci kofi. Na sani tun kafin a haifi babanka!"

Idonta ya ciko. Amma ba ta yafe min ba, ni ma ban nemi yafiya ba.

Ranar gasar da na dawo, Iya tana baranda tana gasa wa Umma nama, irin na mai jego da ake hana yara ko taɓawa. Ta dubi fuskata.

"Maigida, an cinye ka?"

"An cinye ni, Iya."

Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce sannu ba. Ta zaɓi tsoka mafi girma, ta barbaɗa yaji, ta ɗora min a tafin hannu da zafinta. Da Umma ta yi arba'in da 'yan kwanaki Iya ta koma gida, ta bar mana kaskon, ba wanda ya iya hura shi.

Yau ina zaune a Sri Petaling, ina koyar da adabi a wata kwaleji a Setapak, cikin ɗalibaina har da yaranmu na gida. Ina koyar da irin waɗannan waƙoƙi, ba na ɓoye su. Ina karanta su da ƙarfi, yadda daɗinsu zai fito, don daɗin shi ne zarton. Na daɗe ina ɗauka darasin Iya shi ne mutum ya fahimci abin da yake faɗa. Cikgu Rani ta rushe min wannan. Ta fahimta sarai. Matan da suka yi guɗa ma sun san ina za a kai mazansu. Ba jahilci ke sa a amsa ba. Kiɗa ne, da kunyar a ce kai kaɗai ka ɓata taro, da wurin zama kusa da Faiz. Mai bindiga yana iya ƙwace gonarka ba tare da kai ba, amma in yana so a ce taimako ya yi, dole sai da bakinka. Shi ya sa yake neman mawaƙi.

Kuma duk wanda ya sake ce min a yi wa marubucin uzuri, wai mutumin zamaninsa ne, raina yana tashi, ba na iya dannewa. Innar Iya a wane zamani take? Ba ta yi boko ba, ba ta san inda Ingila take ba, ga goyo ga gona, amma ta ji waƙar sau ɗaya ta san ƙarya ce. Shi da ya yi karatu ya zauna ya auna kalmomi, shi za a ce bai sani ba? A kai kasuwa.

Ganina da Iya na ƙarshe a Kano ne, a ɗakin ƙanwar Umma, Anti Rabi. Tsufa ya cinye ta. Ba ta gane Umma ba, ba ta gane ni ba, ta tambaye ni ɗan wane ne. Tana kwance tana kallon rufi, sai ta fara wata waƙa a hankali, wadda ban taɓa ji ba, mai daɗi ƙwarai. Ta ja baiti, ta yi shiru daidai tsawon amshi, ta sake ja. Da na kasa kunne na ji ana ambaton Nasara da ragwaye, tsigar jikina ta tashi. Shekaru sun ɗauke mata sunayen 'ya'yanta, sun bar mata waƙar da aka raka ubanta da ita.

Anti Rabi ba ta san labarin ba. Ta ji tausayin tsohuwa tana waƙa ita kaɗai, sai ta matso, ta fara cike mata gurbin da 'yar guna-guni, tana tafi a hankali. Hannun nan da ko kofi ba ya iya riƙewa ya ɗago ya cafke wuyan hannunta.

"Kul," in ji Iya. "Gidanmu ba a amsa wannan."